Minsharin Maigidana da Awon Jinin da Aka Ce In Biya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Zariya. Maigidana ɗan kasuwa ne, shekararsa 54, mai jiki ne kuma yana da teɓa. Shekara shida ke nan yana fama da hawan jini, yanzu magani kala uku yake sha amma jinin ya ƙi sauka. Minsharinsa har tsakar gida ake ji. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yana cikin minsharin sai ya yi ɗif, numfashi ya ɗauke, sai na taɓa shi ya zabura ya ja wata irin iska, ya ci gaba da barcinsa. Da safe bai san an yi ba. Yana tashi fitsari sau uku ko huɗu, da rana kuma ko a shago gyangyaɗi yake, ga shi shi ke tuƙa kansa zuwa Kano sarin kaya. Kwanan nan aka yi masa awon jini mai suna CRP, ya fito 6.2, likita ya ce alama ce ta kumburi a jijiyoyin jini. Ƙanina da ke karatun aikin lafiya ya turo mini sunayen wasu gwaje-gwaje, ICAM-1 da endotelin da von Willebrand, ya ce su ke nuna ko jijiyoyin sun lalace. Wani ɗakin awo ya ce za a iya aika jinin waje, amma da tsada. Ina da adashe da zan kwasa wata mai zuwa. In biya? Shi dai ya ce lafiyarsa ƙalau, minshari gadon gidansu ne. Surukata kuma ta ce a kai shi wurin wanzami a cire masa beli.

Daga wata 'yar uwa, Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba Alhaji lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan gadin da kike yi masa cikin dare.

Kada ki zuba kuɗin adashen nan a waɗannan gwaje-gwajen. Ki tanade su domin awon barci da abin da zai biyo bayansa. Ƙaninki bai faɗi ƙarya ba, sunayen da ya turo na gaskiya ne, kuma masu bincike suna aiki da su. Sai dai ko sakamakon ya fito sama ko ya fito daidai, abin da likita zai yi wa Alhaji washegari ɗaya ne. Na san "kada ki biya" kaɗai ba zai kwantar miki da hankali ba, don haka bari mu bi abin daga tushe.

Abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da cutar ɗaukewar numfashi a cikin barci. Idan mutum ya yi barci, tsokar harshe da ta maƙogwaro sukan saki. Ga mai faffaɗar hanyar iska wannan ba komai ba ne. Amma wanda kitse ya taru a wuyansa da gindin harshensa, ko wanda aka halitta da ƙaramar haɓa, hanyar tana matsewa, iska ta riƙa wucewa da ƙyar tana kaɗa naman ganda. Wannan kaɗawar ita ce minshari. Idan hanyar ta rufe ruf, shi ne wannan ɗif ɗin da kike ji. Ki lura a daren yau, ki dubi ƙirjinsa da cikinsa lokacin da ya yi shiru. Za ki ga suna motsi, yana ta ƙoƙarin ja, amma ba abin da ke shiga. Likitoci suna ƙirga shi a matsayin ɗaukewa idan ya kai daƙiƙa 10, wani kan kai 30, wani har minti guda. A wannan tsakanin iskar oksijin da ke cikin jini, wadda ga mai lafiya take tsakanin kashi 95 zuwa 100, sai ta yi ƙasa zuwa 85 ko 80, wani lokaci ƙasa da haka. Ƙwaƙwalwa ta ga ana neman halaka, ta saki sinadarin firgici, ta tashe shi na 'yan daƙiƙu kawai, maƙogwaro ya buɗe, ya ja wannan iskar da ke ba ki tsoro. Bai farka har ya san inda yake ba. Saboda haka in ya ce miki bai san an yi ba, gaskiyarsa ya faɗa, kada ki ɗauka taurin kai ne. Ana auna tsananin cutar da yawan faruwar haka a awa ɗaya: 5 zuwa 14 mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaiciya, 30 zuwa sama mai tsanani. Mai sau 30 a awa, in ya yi barcin awa bakwai, an shaƙe shi fiye da sau 200 kafin asuba.

Ina ruwan jijiyoyin jini da wannan? A cikin kowace jijiya akwai wata shimfiɗa siririya, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak, a kanta jini yake gudu. Da can ana ɗaukar ta a matsayin fatar ciki kawai, sai aka gano tana aiki dare da rana. Tana fitar da wata iska mai suna naitirik oksaid wadda ke sa jijiya ta saki ta buɗe, tana hana jini daskarewa, tana hana ƙwayoyin jini mannewa a bango. Gano aikin wannan iskar ne ya sa aka ba wasu masana uku na Amurka kyautar Nobel a 1998. To, wannan shimfiɗa ba ta son abin da ke faruwa a daren Alhaji. Oksijin ya sauka ya hau, ya sauka ya hau, kuma kowace hawa bayan sauka tana haifar da wasu sinadarai masu cin jiki. Kowace zabura kuma jini yana tashi sama fal, bugun zuciya ya ƙaru. Mai lafiya jininsa kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari idan yana barci, lokacin hutun jijiyoyi ke nan. Nasa ba sa samun wannan hutun, kuma a hankali tashin na dare yana bin sa har cikin yini. Ko yawan fitsarin da kika ambata yana iya zama daga nan: jan numfashi da ƙarfi a kan rufaffen maƙogwaro yana miƙe zuciya, ita kuma ta saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta zubar da ruwa. Maza da yawa sun daɗe suna shan maganin mafitsara alhali a wuya matsalar take.

Idan shimfiɗar ta wahala haka shekara da shekaru, tana barin alamu a cikin jini, su ne sunayen da ƙaninki ya turo. Naitirik oksaid ya ragu. Endotelin, wanda aikinsa matse jijiya, ya ƙaru. ICAM-1 da ɗan uwansa VCAM-1 wasu sinadarai ne masu danƙo da ke fitowa a fuskar shimfiɗar suna kama fararen ƙwayoyin jini, su kuma su kutsa cikin bangon jijiya, su haɗu da kitse, a fara gina abin da wata rana zai toshe hanya ya kawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Shi von Willebrand a cikin ƙwayoyin shimfiɗar ake ajiye shi, in sun ji rauni su sake shi, yana taimaka wa jini ya daskare. Har ƙananan gutsattsarin shimfiɗar da suka ɓalle masu bincike suna iya ƙirgawa a cikin jini. Idan aka ɗebi mutum ɗari masu ɗaukewar numfashi da mutum ɗari marasa ita, aka kwatanta, yawanci za a ga waɗannan alamu sun fi yawa a rukunin farko. Wannan ilimi ne mai amfani, da shi aka fahimci yadda minshari ke kai mutum ga ciwon zuciya.

Amma kwatanta rukuni biyu daban, auna mutum ɗaya daban. Waɗannan alamu kamar hayaƙi ne da aka hango daga bayan katanga: ya nuna ana wuta, bai nuna ko girki ake yi ko ɗaki ne ya kama ba. Ƙiba kaɗai tana ɗaga su. Ciwon suga yana ɗaga su, haka sigari, haka hawan jinin kansa, haka tsufa. A ƙasarmu kuma akwai ƙari, domin zazzaɓin cizon sauro yana taɓa wannan shimfiɗar kai tsaye, ita ma cutar sikila haka. Shi von Willebrand ma har rukunin jinin mutum yana canza shi, masu rukunin O nasu ya fi na sauran ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ba tare da wata cuta ba. Sannan likitocin duniya ba su tsayar da wata lamba da za a ce daga nan jijiya ta lalace ba, kuma ɗakin awo biyu kan ba da lamba biyu a jini ɗaya. Ga kuma jinin da za a ɗauka a Zariya a yi doguwar tafiya da shi, wanda sai an ajiye shi cikin sanyi mai tsanani kafin a amince da sakamakonsa.

Abin da na fi jin tsoro ma ba asarar kuɗin ba ne. A ce kin biya, takarda ta dawo lambobin suna daidai, wanda yana iya faruwa ko ga mai cutar mai tsanani. Alhaji zai riƙe takardar nan ya ce, "Kin gani ko? Na gaya miki lafiyata ƙalau." Daga ranar kin rasa bakin magana, shi kuma ya ci gaba da shaƙewa kowane dare.

Mu dawo kan 6.2 ɗin da ke hannunki. CRP hanta ce ke yin sa duk lokacin da wani wuri a jiki ya kumbura, ko ina ne wurin. Kogon haƙori yana ɗaga shi, ciwon gaɓoɓi, mura mai nauyi, maruru, zazzaɓi. Idan ana amfani da shi wajen hasashen ciwon zuciya, akwai nau'in awo mai kaifi na musamman, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce: ƙasa da 1 haɗari kaɗan, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 mai yawa, in kuwa ya haura 10 sai a nemi wata cuta mai ci a lokacin. Ana kuma so a maimaita bayan mako biyu, lokacin da mutum ba ya zazzaɓi. Ki tuna, a makon da aka ɗebi jinin, ya yi zazzaɓi ko ciwon haƙori? In a'a, to lambar tana da ma'ana, amma mafi kusa ita ce teɓar. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2014, an raba masu ƙiba da ɗaukewar numfashi gida uku na tsawon mako 24: wasu na'urar numfashi kawai, wasu rage ƙiba kawai, wasu duka biyun. CRP ya sauka ga waɗanda suka rage ƙiba, bai sauka a zo a gani ba ga waɗanda suka tsaya a na'ura kaɗai. Ke nan wannan lambar ta fi ba da labarin tumbi a kan labarin maƙogwaro. Ba abin watsarwa ba ce, kuma ba abin hana ki barci ba ce.

In kina son sanin ko jijiyoyinsa sun fara jin jiki, akwai hanyoyi masu araha da suka fi waɗancan faɗar gaskiya, kuma kowanne yana canza maganin da za a ba shi. Mafi soyuwa a gare ni shi ne awon furotin mai suna albumin a cikin fitsari. Ƙoda cike take da ƙananan jijiyoyi masu tace jini, in shimfiɗarsu ta fara yoyo, a fitsari ake fara gani tun mutum bai ji komai ba. Sai duban bayan ido a asibitin ido, domin nan ne likita ke ganin ƙananan jijiyoyin jini ƙiri-ƙiri ba tare da an yanka ko'ina ba. A haɗa da awon suga, awon kitsen jini, awon aikin ƙoda, da awon bugun zuciya na ECG, domin wannan cuta tana yawan tafiya da wata rikicewar bugun zuciya da ke jawo shanyewar jiki. Ki kuma sayi na'urar auna hawan jini ta dantse, mai faffaɗan maɗauri tunda mai jiki ne, ki riƙa auna shi da safe kafin ya sha magani da kuma dare, ki rubuta a littafi har mako guda. Likita zai fi amfana da littafin nan fiye da ICAM-1.

Babban abin nema dai shi ne awon barci. Akwai wasu tambayoyi takwas da likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada suka tsara a 2008 domin tace masu haɗari: minshari mai ƙarfi, gajiya ko gyangyaɗi da rana, wani ya ga numfashi na ɗaukewa, hawan jini, ƙiba mai yawa, shekaru sama da 50, kaurin wuya da ya kai santimita 40, da kasancewa namiji. Wanda ya sami biyar zuwa sama yana cikin babban haɗari. Daga wasiƙarki kaɗai na ƙirga wa Alhaji shida. Ki ari tef ɗin tela ki auna wuyansa, ina kyautata zaton za su zama bakwai. Kuma hawan jinin da ya gagari magani kala uku shi kansa dalili ne da ƙa'idar aikin likita ta ce a nemi wannan cuta. Wani dogon bincike a kan ma'aikatan gwamnati a jihar Wiskonsin ta Amurka, da aka wallafa a 2000, ya nuna masu ɗaukewa sau 15 ko fiye a awa sun ninka marasa ita kusan sau uku wajen samun hawan jini bayan shekara huɗu. Kada ki ji kamar wata baƙuwar cuta ce ta same ku. Wani ƙiyasi na 2019 ya ce kusan mutum miliyan 936 ne ke da ita a duniya, galibinsu ba su sani ba.

Awon iri biyu ne. Akwai wanda ake kwana a asibiti a liƙa wa mutum wayoyi a kai da ƙirji da ƙafa. Akwai na gida, ƙaramar na'ura da ɗamara a ƙirji, siririn bututu a bakin hanci, da wani maƙali a yatsa, ya kwana da su a gadonsa a mayar da safe. Ga mutum irin Alhaji na gida yakan wadatar. Ku fara da likitan da ke duba hawan jininsa, ku nemi ya tura ku wurin likitan ƙirji da numfashi, ko likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Kuna da asibitin koyarwa na Shika a kusa, ga na Malam Aminu Kano a garin da yake zuwa sari, a can za a gaya muku inda ake yin awon. 'Yar na'urar yatsa da ake sayarwa a kemis ba za ta maye gurbinsa ba, kuma an gano takan nuna oksijin ya fi yadda yake ga masu baƙar fata.

Saura yadda za ki kai shi can, wanda na san shi ne aiki. Ki ɗauki wayarki cikin dare, ki naɗi minti biyar da hoto da sauti, ki tabbata ƙirjinsa ya fito, ki bar shirun ya yi tsawonsa kada ki taɓa shi sai ya zabura da kansa. Ki nuna masa ku biyu kaɗai, bayan ya ci abinci ya huta, ba gaban yara ba, ba kuma lokacin da wani saɓani ya shiga tsakaninku ba. Namiji kan yi musu da magana, amma da wuya ya kalli kansa yana kokawar numfashi na daƙiƙa 30 ya ce ba komai. Kada ki kawo maganar a matsayin ƙorafin minshari, domin zai ji kamar kin gaji da shi ne. Ki ce, "Alhaji, ina jin na gano abin da ya hana jinin nan sauka." Zancen gado kuwa ki yarda da shi, gaskiya ne, siffar haɓa da wuya da ƙiba ana gadonsu. Sai ki tambaye shi a hankali, cikin masu minsharin gidan nasu su nawa ne suka yi hawan jini ko shanyewar jiki. In kina da abokiyar zama, ki ajiye komai ki tambaye ta abin da take gani a ranar girkinta, bakinku ya zo ɗaya. Wani abu kuma da ba ki ambata ba, ni ma a takaice zan faɗa: wannan shimfiɗar jijiyar ita ce ke riƙe da ƙarfin namiji, kuma rauni ta wannan ɓangaren kan riga ciwon zuciya bayyana. In akwai haka, ya gaya wa likita, ya kuma nisanci magungunan maza na tasha da na kasuwa, domin wasu ana cusa musu ƙwayoyin da ke rikici da magungunan zuciya.

Ita Hajiya surukarki ƙauna ce ta sa ta faɗi abin da ta sani, a girmama ta. Amma kada a kai shi. Toshewar tana faruwa ne a bayan ganda da gindin harshe da bangon maƙogwaro, yanke beli ba ya buɗe su. Mutum mai hawan jinin da ba ya sauka, a sa masa aska a maƙogwaro, zubar jini ake nema, ga haɗarin ciwon hanta daga ƙarfen da ba a dafa ba. Ko likitocin tiyata ba kowa suke yi wa aiki a wurin ba, sai sun duba sun ga abin da ya toshe. Ki bar maganar ta fito daga bakin ɗanta ko wani babba a gidan, a ce mata likita ya hana saboda jinin.

In awon ya tabbatar, maganin da ya fi aiki shi ne na'urar CPAP, wadda wani likita mai suna Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Sidni ta Ostareliya a 1980, ya wallafa sakamakonta a 1981. Ba oksijin take bayarwa ba, iskar ɗaki ce take hurawa a hankali ta cikin wani abin rufe hanci, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe. Dare na farko da ya kwana da ita daidai, minsharin zai ɗauke, wataƙila ke ce ma za ki kasa barci don shirun. Makonnin farko akwai wuya: abin hancin na iya matsa masa, iska na iya zubowa ta gefe tana hura ido, hanci na bushewa musamman da hunturu. Duk ana gyara su da canza girman abin hancin, da zuba ruwa a ma'ajiyar danshi, da wanke matatar ƙura. Sai an yi tanadin wuta, ko sola ko batir, tunda ba a dogara da wutar gari. In gida biyu yake kwana, na'urar ta bi shi.

Zan gaya miki iyakar abin da take yi, don kada wani ya sayar muku da ita da alƙawarin da ba nata ba. Tana kawar da gyangyaɗi, tana rage tashin fitsari da ciwon kan safe, tana sauke jini kaɗan, a matsakaici maki biyu zuwa uku, ko da yake masu jinin da ya gagari magani sukan fi haka samu. An kuma ga jijiyoyi suna dawo da iya buɗewarsu bayan an yi amfani da ita. Amma wani babban gwaji na 2016 a kan mutum 2,717 da suka riga suka kamu da ciwon zuciya ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa bai nuna ta rage bugun zuciya da shanyewar jiki ba. Sai dai a matsakaici awa uku da ɗan wani abu kawai suke sa ta a dare, sauran daren suna shaƙewa kamar da. Nazarin da ya biyo baya ya nuna masu sa ta awa huɗu zuwa sama sun fi samun kariya. Saboda haka duk dare za a sa ta, har da barcin bayan asuba, kuma ba ta maye gurbin maganin hawan jini. Kada ya ajiye ko ƙwaya ɗaya sai likita ya ce.

Rage ƙiba kuwa a hannunki yake fiye da kowa, tunda ke ce mai tukunya. Rage kashi 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana rage yawan ɗaukewar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma shi ne zai taɓa CRP ɗin da ya dame ki. A rage malmalar tuwon dare, a ci shi da wuri, a rage gishiri da dunƙule, lemon kwalba da shayi mai kaurin madara da suga su zama na jefi-jefi. Tun daga yau kuma ya bar kwanciyar rigingine, domin a nan harshe ke faɗawa baya. Kwanciya a gefen dama sunna ce da ya sani, ki tokare masa baya da filo, a kuma ɗan ɗaga kan gadon. Maganin barci irin su diyazefam, da kodin, da taramol, duk suna ƙara sakin maƙogwaro kuma suna danne zaburar da ke ceton ransa, kada ya kusance su. Sigari da shisha su ma ya nisance su. Magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak suna ɗaga jini suna wahalar da ƙoda. Kada kuma ya fara shan asfirin da kansa don an ce yana tsinka jini. In wata rana za a yi masa tiyata ko wace iri ce, a gaya wa mai ba da maganin sa barci cewa yana da wannan matsalar.

Tuƙi shi ne abin da ba zai jira awo ba. Mutumin da ke gyangyaɗi a zaune a shago zai yi shi a kan sitiyari, kuma masu wannan cuta da ba a yi wa magani ba sun ninka sauran direbobi haɗari sau biyu ko fiye. Goro da lemon ƙara kuzari ba sa biyan bashin barci. Daga wannan makon ya ɗauki direba, ko yaron shago ya tuƙa, ko ya shiga motar haya, har sai an fara magani gyangyaɗin ya tafi. A kan wannan ki tsaya da ƙafarki, ko da zai ɓata rai. Idan kuma kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko ya kama ƙirji yana gumi, asibiti za a nufa a wannan sa'ar, ba kemis ba, ba a jira gari ya waye ba.

Ke ma ki kula da kanki. Shekarun da kika yi kina kwana da kunne ɗaya a buɗe suna cin jikinki, ki auna naki jinin duk lokacin da kika auna nasa. Ba sai kin riƙa tashinsa a kowace ɗaukewa ba, jikinsa yana tashinsa da kansa, in ya yi rigingine ki juya shi gefe kawai. Ki kira ƙaninki ki gode masa, ki ba shi aikin binciko inda ake awon barci da kuɗinsa, da inda ake samun na'urar da wanda zai saita ta daidai da sakamakon Alhaji. In adashen ya zo, a fara da ƙananan gwaje-gwajen nan na fitsari da suga da ƙoda, sai awon barci, ragowar a ajiye wa na'ura da batirinta. Idan sakamakon ya fito, ki rubuto mini lambar da aka samu a awa ɗaya da mafi ƙarancin oksijin da aka gani a daren, mu duba mataki na gaba tare.